Ranar da Inna Kulu Ta Kwashe Ɗakinta

Akwai wani dillalin hatsi a Tambuwal, sunansa Almustapha. Mutumin kirki ne, sai dai da kaya yake nuna ƙauna, kuma ba a faɗa masa ya ji. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, tana zaune a Kebbe, ƙanwarsa Hindatu ce ke kula da ita.

Duk zuwan da zai yi sai ya zo da wani abu. Yau kujerun kushin, gobe kabad mai gilashi, har da firij, a gidan da wuta ke leƙowa in ta ga dama! Ga kuma jeren kwanoninta tun na aure, sun kusa taɓa rufi. Sai ka karkace kafin ka isa bakin gadonta. Shi kuwa Alhaji gani yake wannan shi ne gata.

Da yake shi ne ɗan farinta, tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kunya ce irin ta iyayenmu na da. "Kai" take ce masa, ko "wanga".

Inna ta daɗe da ciwon zuciya. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi sama. Ranar da Almustapha ya kai ta asibiti a Tambuwal, ta dubi likitar ta ce, "Ɗiyata, gaya min gaskiya, ni ba yarinya ba ce. Ciwon ga na warkewa?"

Almustapha ya shiga ƙyafta wa likita ido, amma ta amsa wa mai tambaya. Ta ce zuciyar ta gaji. Magani zai sauƙaƙa numfashi ya rage wahala, amma ba zai maido ta sabuwa ba. Inna ta yi godiya, ta tambayi abin da za a iya yi mata a gida in jiki ya yi tsanani, Hindatu tana saurare.

Da Almustapha ya koma Kebbe bayan 'yan makonni, sai ya yi turus a ƙofar ɗaki. Wayam! Kwanoni an raba wa jikoki da 'yan matan unguwa masu shirin aure. Kujeru sun koma zaure. Firij kuma yana wurin wata mai sayar da zoɓo da ke da sola. Abin da ya rage gado ne, da tabarma, da buta, da carbi, da kwalla ɗaya a gefen gado.

Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Hindatu, kina kallo aka yi wannan? So kuke a ce na bar uwata a kango? Wannan ai kiran mutuwa ne!"

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta aika aka kira ƙaninta, Kawu Uthman, malamin unguwar, ta ce kowa ya zauna.

"Malam, kai ne shaida. Ban ƙi magani ba, duk wanda anka ba ni ina sha. In abin da ake gyarawa ne, a kai ni. Amma ranar da likita ta ce ba sauran abin yi, kada a ɗora ni bisa hanyar ga. In bakina ya rufe, Hindatu ce bakina, ta san abin da nika so."

"Haba Inna! Ina da mota, ina da hali, in zuba ido?"

"Kai, ka manta babanku? Ya gaya min gida yake so, amma ni kaɗai ya gaya wa, ba wanda ya saurare ni. Kunka kwashe shi sai birni. Ya cika kana waje neman magani, ba wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada. Da anka kawo shi, likkafanin da ya wanko da zamzam a Makka munka nema sama da ƙasa cikin tarkacen ɗakin ga, ba mu gani ba. Sai bayan arba'in anka same shi bayan kabad, gara ta ci."

Ta miƙa hannu ta buɗe kwallar. Farin yadi ne a ninke, da turare da sabulu.

"Ga nawa nan. Kowa ya gani."

Almustapha ya tashi ya karkaɗe riga. A ransa ya ce ruɗun tsufa ne, in lokacin ya zo shi ne babba, maganarsa ce za ta yi aiki.

Bayan kaka, wata safiya, Hindatu ta kira shi tana kuka. Ya jefa katifa a bayan mota ya kamo hanyar Kebbe, ramuka suna jijjiga shi yana ƙara wuta. Da ya isa ko motar bai kashe ba, ya bar ƙofa a buɗe ya faɗa gidan.

A tsakar gida ya tarar da malamin asibitin garin, wanda ya yi wa Inna allurar sauƙi ya kuma yi waya da likitarta. Ya ce, "Alhaji, likita ta ce abin ya zo ƙarshe. Jikin ba zai ɗauki hanya ba."

Almustapha ya ce, "Ku dai kama min ita."

Hindatu ta tsaya a bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa yi masa musu ba.

"Yaya, Inna ta riga ta yi magana. Kana wurin, Kawu yana wurin."

Ya ratse ta ya shiga. Tagar da kabad ya toshe shekara da shekaru tana buɗe, iska na shigowa. 'Ya'ya da jikoki duk sun samu wurin zama a ƙasa, a ɗakin da a da mutum biyu ke gogayya. Kawu Uthman yana karanta Yasin a hankali.

Inna ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallonsa.

"Almustapha."

Mutum da furfura a gemu, yau ya fara jin sunansa a bakin mahaifiyarsa.

"Kashe motar ga, ka zo ka zamna."

Ya fita ya kashe ta. Ya dawo ya durƙusa a gefen gado, ya riƙe hannunta yana hawaye. Ya yi kalmar shahada a kunnenta, leɓɓanta suka bi shi. Kafin azahar ta cika, hannunta a cikin nasa.

Da aka zo shirya ta, ba wanda ya nemi komai. Hindatu ta buɗe kwalla kawai.

Har yau in aka yi zancen a rumfarsa, Almustapha yakan ce, "Da na ɗora ta a motar nan, ina gaba ina tuƙi tana baya, da har abada ban ji sunana a bakinta ba."

Darasi: Tara wa iyaye kaya ba shi ne kaɗai kula ba. Ku zauna da su tun bakinsu na magana, ku tambayi likita gaskiya, ku ji yadda suke so a yi da su in jiki ya yi tsanani da wanda zai yi magana a madadinsu, a gaban shaidu, sannan ku cika musu. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan labari, musamman babban wa da ba a faɗa masa ya ji. Allah ya sa mu cika da imani.