Katangar Sukari

Akwai wata mace manomiya, tana da 'ya guda, Tabita. Ana tsakiyar shuka ciwon maƙogwaro ya kama yarinyar, ko kunu ba ya wucewa. Uwar ta goya ta sai asibitin ƙauye.

Malamar asibiti ta miƙa mata kwalbar magani ta ce, "Kwana goma cif. Ƙwayar cutar nan maginiya ce. Da sukari iri biyu take gina wa kanta katanga, ba irin na shayi ba, wannan na bin wancan kamar tubali, sannan ta ɗaure jere da jere. Maganin nan ɗaurin yake hanawa, har katangar ta tsage, ƙwayar ta fashe. In kin tsaya a hanya, 'yan da suka saura za su koma gini."

A rana ta huɗu Tabita ta tashi, har tana korar kaji. To, a gidan nan kuwa ba a shanye magani, rabi ake ajiyewa saboda wanda zai yi ciwo nan gaba. Surukar matar ta miƙo hannu.

"Uwar Tabita, kawo kwalbar. Ba ga ta can tana tsalle ba?"

Matar ba ta taɓa musa wa tsohuwar ba. Amma ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Saura kwana shida."

"Oho! Yau kuma likita muka samu a gida? Aji nawa kika yi?"

"Uku, Mama. Sun ishe ni sanin huɗu ba goma ba ce."

Ta ƙulle kwalbar a bakin zaninta, da ita take zuwa gona, da ita take zuwa rijiya. Tsohuwa ta daina amsa gaisuwarta, matan gida suna ce mata marowaciya. Ta toshe kunne. A rana ta goma ta ɗura wa Tabita cokalin ƙarshe a tsakar gida, a idon kowa. Ciwon bai dawo ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙwayar cutar ita ce zunubi, da abin zaƙi yake gina katangarsa a zuciyar yaro, shiru, ba a jin motsi. Maganin kuwa Maganar Allah ce da addu'a. 'Yan'uwa mata, abin da ke ba ni tsoro ke nan: da yaro ya ɗan gyaru sai mu sake, mu ce ai ya warke. Kada ki sake! Ko gida duka sun ce ya isa haka, ki gaishe su da ladabi, ki ce, "Bai isa ba tukuna."