Mai Gadin Tsuntsayen Teku da Akurkinsa

Akwai wani mutum, ma'aikacin gandun daji, wanda aka aika shi wani ɗan tsibiri a cikin teku domin ya yi gadin tsuntsaye. Tsibirin ba gona, ba rijiya, ba ko itacen da mutum zai sha inuwa. Yashi ne da duwatsu. Amma kowace shekara, idan lokaci ya yi, waɗansu fararen tsuntsaye masu kamun kifi sukan zo daga nesa su sauka a can, su yi ƙwai a kan yashi, su ƙyanƙyashe. Aikin mutumin shi ne ya hana masu kwasar ƙwai sauka, ya kashe ɓeraye, ya kori shaho.

Ranar da ya fara sa ƙafa a tsibirin, ya tsaya da jakarsa a kafaɗa ya kasa motsi. Tsuntsaye ne dubu dubbai, har ba a ganin ƙasa. In suka tashi gaba ɗaya sai rana ta dushe, inuwarsu ta bi ta kansa. Kukansu kuwa ya fi hayaniyar babbar kasuwa ranar cinta, in ya yi magana ba ya jin muryar kansa. Tsoro da murna suka kama shi tare, ya ce a ransa, “Wanda ya yi waɗannan, yake kuma ciyar da su kullum, lalle babba ne.”

To, mutumin nan ba ɗan bakin teku ba ne. Ɗan tudu ne, a gidan masu kiwon kaji ya tashi. Tun yana ƙarami yake ganin mahaifiyarsa tana sa wa kaza ƙwan zabi, kaza ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta ja 'ya'yan cikin gari tana taƙama kamar nata. Saboda haka a ganinsa ya gama sanin tsuntsu. Kun dai san halinmu, mutum ya yi kiwon kaza uku sai ya ɗauka duk mai fiffike ɗan gidansu ne.

Ana nan, bayan 'yan tsaki sun fito da 'yan kwanaki, wata rana da tsakar rana hadari ya haɗu. Iska ta taso, teku ta kumbura, raƙuman ruwa suka hau gefe ɗaya na tsibirin suka share shi. Iyayen suka tashi sama. Da ruwa ya janye, mutumin ya fita ya tarar da 'yan tsaki a warwatse nesa da wurinsu, sun jiƙe sharkaf, suna rawar sanyi. Shaho kuwa ya riga ya fara shawagi. Tausayi ya kama shi. Ya ɗauki kwando ya bi yana tsince su ɗaya-ɗaya, wajen arba'in, ya kai su bukkarsa a bayan duwatsu. Ya haɗa katakon da teku ta jefo ya yi musu akurki, ya rufa musu bargonsa. A nan kam ya yi daidai, gama da bai kwashe su ba da shaho ya yi biki a ranar.

Amma da suka bushe, bai mai da su ba. Ya daka geronsa ya watsa musu. Ko kallo ba su yi ba. Ya yanka kifi ƙanana-ƙanana ya kai bakinsu, suka kau da kai. Sai ya tuna da kazar mahaifiyarsa. Ya ɗauki ɗan tsako ɗaya ya kai wa wata uwa mai ɗa guda, ya ajiye a gefenta. Ta sare shi da baki har sai da ya fizge shi. Ya gwada wata, haka ta yi. Ya komo da fushi yana cewa, “Waɗannan tsuntsaye ba su da tausayi. Ni zan zama uwarsu.”

Kashegari biyu suka mutu. Ya binne su a yashi, ya yi kuka. Yakan kuma ga waɗansu tsuntsaye da kifi a baki suna kewaya gefen da ruwa ya share, suna kira, suna komawa. Ya ɗauka makoki suke yi.

A rana ta uku da safe, wani tsohon masunci wanda yakan kawo masa ruwan sha ya iso da kwalekwalensa. Da ya sauke jarka a bakin bukka, ya ji ɗan motsi a ƙarƙashin bargo, ya ɗaga ya duba.

Ya ce, “Ɗana, me waɗannan suke yi a nan?”

Mutumin ya ce, “Na ɓoye su ne, Baba, saboda shaho.”

Tsohon ya ce, “Ka ɓoye su daga shaho, ka ɓoye su daga iyayensu kuma. Waɗancan da kake gani da kifi a baki, su suke nema. Ka fitar da su fili in rana ta karkata, lokacin da iyaye suke komowa daga kamun kifi.”

Mutumin ya ce, “Haba Baba. Dubi yawansu. Duk kamarsu ɗaya, kukansu ɗaya. Ta yaya uwa za ta gane nata a cikin wannan hayaniya? In na zuba su a fili, na ba shaho ne kawai.”

Tsohon ya ce, “A kunnenka ne kukansu yake ɗaya. In ka bar su a nan, gobe war haka sai ka haƙa rami babba.”

Mutumin ya dubi 'yan tsakin, ya ga idanunsu sun fara lumshewa. Bai yarda da maganar ba, amma dabararsa ta ƙare. Da rana ta karkata ya ɗauki kwando, ya zube su a fili a kan yashi. Ya ja da baya ya tsaya da sandarsa, ido ɗaya a kan shaho. Tsohon ya zauna kusa da shi.

Sai tsuntsaye suka fara komowa daga teku, garke bayan garke, sama ta cika da kuka. Wata ta zo ta bisa filin da kifi a baki, ta yi kira. Nan take ɗan tsako ɗaya a cikin taron ya miƙe ya amsa, sauran kuwa ba su motsa ba. Ta sauka, ta wuce wannan, ta wuce wancan, ta sa kifin a bakin wanda ya amsa. Wata ta zo, wani ya amsa. Wata kuma, wani kuma. Ba wadda ta yi kuskure, ba wadda ta tsaya tana dubawa. Kowace ta ciyar da nata, ta ja shi zuwa cikin taro. Mutumin ya tsaya baki buɗe.

Kafin rana ta kai ga ruwa, filin ya zama wayam, sai guda ɗaya. Shi ne mafi ƙanƙanta, tun safe bai ɗaga kai ba. Mutumin ya ce, “Wannan ba shi da kowa. Ko da yana da uwa ma, ba shi da muryar amsawa. Bari in ɗauke shi.” Ya yunƙura, tsohon ya riƙe masa hannu.

Suka jira. Can sai ga wata ita kaɗai daga nesa, tana tafe ƙasa-ƙasa, ta gaji. Ta bi ta can sama ta yi kira sau ɗaya. Ɗan tsakon ya buɗe baki. Abin da ya fito ba za a ce da shi kuka ba. Mutumin yana tsaye taku uku daga gare shi, da ƙyar ya ji. A kewaye kuwa dubban muryoyi suna tashi, ga rurin teku. Amma tsuntsuwar ta juya a cikin iska, ta sauko kai tsaye, ta sa masa kifi a baki, ta buɗe fiffike ta rufe shi.

Sanda ta faɗi daga hannun mutumin. Ya tuɓe hularsa, ya durƙusa a kan yashi, hawaye suna zuba. Ya daɗe a haka.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsibirin duniyan nan ce, da yawan mutanenta da hayaniyarta. 'Yan tsakin mu ne. Iyayen da suke kewayawa da abinci a baki suna kira, hoto ne na Ubanmu na Sama, wanda ba ya daina neman nasa. Mai gadin kuwa shi ne duk wanda aka ba shi amanar wani, ko uba, ko uwa, ko malamar makarantar Lahadi, ko dattijon ikkilisiya, har da ni mai wannan magana.

Mai gadin nan ba mugu ba ne, kada ku zage shi. Ƙauna ce ta sa ya kwashe su, ƙauna ce kuma ta kusa kashe su. Mu ma haka muke yi. Yaro yana da damuwa, mu hana shi buɗe baki, mu ce za mu yi addu'a a madadinsa. Sabon mai bi ya zo, mu rufe shi da bargonmu, kome sai ya tambaye mu, har ya san muryarmu fiye da ta Ubangijinsa. Aikinmu mu tsince su in ruwa ya share su, mu tsaya da sanda saboda shaho, sa'an nan mu fitar da su inda za su ji kiran Ubansu su amsa da bakinsu. Abincin da yake rayar da rai ba a hannunmu yake ba. Na san yana da wuya a ja da baya. Ni ma na sha riƙe waɗanda ya kamata in sake, ina kuwa jin kunyar wannan.

Amma akwai wanda na fi so ya ji ni yau. Wataƙila kai ne wanda ya rage a fili. Ka ga an amsa wa wannan, an amsa wa wancan, kowa ya ba da shaidarsa ya tafi, kai kana nan. Ciwo ya cinye ka, ko baƙin ciki, ko zunubin da ka kasa faɗa wa kowa. Wataƙila ke ce, kin daina addu'a domin kin ce, “A cikin dukan masu kira, wa zai ji tawa? Ban ma iya jera kalmomi ba.” Na kusa da ke ma ba su ji ki ba, gaskiya ne. Amma ku yi tunani. In Allah ya sa wa tsuntsuwa irin wannan kunne, har ta ji ɗanta a cikin dubbai da rurin teku, to, yaya kunnen Wanda ya yi ta yake? Ni kam in na kai nan, tsoronsa yakan kama ni.

Ba ya jiran muryarka ta yi ƙarfi kafin ya sauko. Shi ne ma ya fara kira. Saboda haka yau, kafin ka tashi daga wurin da kake zaune, ka buɗe baki ka amsa masa. Ko nishi kaɗai ya fito, ya san naka ne.