Ƙwan Dinya Mai Sanyi

A zamanin da, an yi wani sarki a bakin gulbi wanda ambaliya ta cinye masa rumbuna shekara uku a jere. Gini da rushewa sun ishe shi, har magana ma nauyi take yi masa. Ya ce a nemo masa inda ruwan bana ba zai kai ba.

Al'adar ƙasar, dinya ake bi, wato agwagwar daji. Inda ta yi sheƙa, sun ce ruwa ba ya kaiwa nan. Mai duba sheƙar shi ne Sarkin Ruwa Jatau, tsoho tukuf, gwiwa ta ƙare. Ya kwana tara cikin ciyayi, ya dawo ya ce bana dinyoyin duk tudu suka hau.

Waziri Makau kuwa so yake a gina rumbunan a kwari, gindin gidansa, hatsi ya zama a tafin hannunsa. Sai ya sa aka kwaso sheƙa uku da ƙwansu aka dasa can. Ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, idon Jatau ya tafi. A zo a gani."

Sarki ya ce in haka ne, yau za a tuɓe wa Jatau rawani. Aka ɗunguma kwari.

Jatau ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki ƙwai ya kara a kuncinsa, ya miƙa wa sarki. Sanyi ƙalau.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, dinya kimanin wata guda take kwanci. In yunwa ta tashe ta, sai ta lulluɓe ƙwan da tattausan gashi da ciyawa don kada ya huce. Ina lulluɓin? Ina uwar? Ba ita ta zaɓi nan ba, hannu ne."

Sarki ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Waziri, na gaji, ko ƙarfin fushi ba ni da shi. Rumbuna su hau tudu. Kai kuwa, tunda ka amince da kwari, kai da hatsinka ku zauna nan har kaka."

Da damina ta yi tsakiya, ruwa ya shafe kwarin, rumbunan sarki suna tudu ko laima ba su ji ba. Jatau ne ya tuƙa kwalekwale ya sauko da waziri daga kan soro.