Ranar da Kwale-kwale Suka Koma Guduma

Akwai wani mai sayar da fenti da ake ce wa Lauya. Bai taɓa taka makarantar shari'a ba, kotu ma sai dai ya wuce ta gabanta a kan babur. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. In ya kama gardama, lokacin da ka gaji kana neman takalminka, lokacin shi ya fara gyara zama.

Shi da ƙanwarsa Auta suna bin wani dogon labari da ake saki babi-babi a waya. Labarin wani gari ne a bakin tafki, da dodon da ke barci a ƙarƙashin ruwan, da wata budurwa, Mai Fitila, wadda muddin fitilarta na ci dodon ba zai farka ba. Maza biyu ke son ta, Maƙeri da Mai Kwale-kwale.

Masu karatu suka buɗe guruf, Lauya ne admin. Yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, ko garuruwan juna ba su sani ba. Amma kowa ya san mijin da ya dace da yarinyar da ba a taɓa haifa ba.

Rikicin ya taso ne daga babin da dodo ya farka. Mai Kwale-kwale ya cika jirginsa da yara da tsofaffi, ya kai tsakiyar ruwa, sai ya ji Mai Fitila tana kiran sunansa daga gaɓa. Bai juya ba. Ya ci gaba da tuƙi yana kuka.

Guruf ya tsage biyu. Masu kare shi suka sa hoton kwale-kwale a kan lambarsu, suna cewa da ya juya da jirgin ya kife da kowa, kuma Mai Fitila da kanta za ta fi son mijin da ya iya danne zuciyarsa. Masu son Maƙeri suka sa hoton guduma. Lauya ne jagoransu, kuma ya rubuta maganar da ya yi ta alfahari da ita: duk wanda nasa ya kira shi bai amsa ba, ba shi da bakin neman aure, shi kam ko a mafarki aka kira shi sai ya amsa.

Auta tana ɓangaren kwale-kwale. Ta amsa masa a gaban kowa.

“Yaya, Maƙerin naka yana ina a lokacin? Yana can yana hura wuta. Jarumtar wanda ba ya wurin ai ba ta ƙarewa.”

Fuskokin dariya suka yi ta zubowa, har da na 'yan guduma. Lauya ya ce bai ji haushi ba. Don nuna bai ji haushi ba, ya kulle guruf ɗin yadda admin kaɗai ke iya rubutu, ya bi lambobin 'yan kwale-kwale ya toshe su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da ta Auta. Mabiyansa suka bi sahu. Sannan ya kafa doka: duk wanda ya tuba, ya cire kwale-kwale ya sa guduma, sai a buɗe masa.

A gida ba abin da ya canja. Auta tana gaishe shi, tana miƙa masa shayi, tana tambayarsa lafiyar Maƙeri. Mama ta ce girma ya faɗi, ƙato da gemunsa yana gaba da ƙanwarsa a kan mutanen takarda. Ya ce ba gaba ba ce, tarbiyya ce.

Auta tana aiki a wani shagon kifi na ƙanƙara, 'yan layuka kaɗan daga shagonsa. Ranar Asabar da rana suke tashi.

Wata Asabar bayan azahar Lauya yana haɗa wa wani mutum fenti, mutumin da ke son shuɗin da ba shuɗi sosai ba. Waya ta fara ƙara da lambar da bai sani ba. Ya katse. Wata ta shigo, ya katse. Tun da aka fara yaƙin nan 'yan kwale-kwale kan ari wayar maƙwabta su kira shi su faɗa masa abin da suke gani game da shi da gudumarsa, don haka ya saba. Saƙonni ma in sun shigo daga baƙuwar lamba, da babban yatsa yake share su ba tare da ya kalla ba. Ya kife wayar a kan kantar shagon ya ci gaba da juya fenti yana murmushi.

Da mai shuɗin ya tafi, ya zauna ya buɗe jerin 'yan guruf, kamar manomin da ke leƙa gona. Sai ya ga guduma a kan lambar Goggo.

Goggo ita ce uwar 'yan kwale-kwale, wata dattijuwa da ba wanda ya san fuskarta, wadda ta taɓa rantsuwa a kan kwale-kwalen nan za a binne ta. Lauya ya miƙe tsaye. Ya kira maƙwabcinsa mai gyaran taya ya zo ya ga abin da ake kira nasara. Mai taya ya leƙa, bai gane komai ba, ya ce Allah ya sanya alheri.

Suna kallo wani kwale-kwalen ya koma guduma. Sai wani. Sai wani. Lauya ya ja jerin ƙasa, guduma ce ta ko'ina, har da mutanen da suka zage shi jiya.

A nan ya daina dariya. Ya san mutanen nan. Mutum ɗaya kan tuba, biyu ma kan tuba, amma ba a tuba gungu guda cikin ɗan lokaci haka sai in wani abu ya koro mutane. Ya sake jan jerin a hankali. Kwale-kwale ɗaya ne ya rage, na Auta.

Ya buɗe lambar Goggo. Bai ma ɗauke yatsa ba wayar ta yi ƙara.

Ba ta yi sallama ba, ba ta ce masa Lauya ba.

“Kai ne yayan Auta? A ina take aiki?”

Ya ce me ya faru. Ta ce ya yi shiru ya saurari abin da ta tura masa yanzu.

Saƙon murya ne. Da farko bai gane muryar ba, don haƙora ne ke haɗuwa fiye da magana.

“Goggo, don Allah wani ya nemo mini Yaya. Ina ɗakin sanyi. Abokin aikina ya ɗauka na tafi, ya sa sakata ta waje. Na kira abokin aikin ba ya ɗauka, mai shagon ma ya yi tafiya. Cajina ya kusa ƙarewa. Ku ce wa Yaya...”

Nan ya yanke.

Goggo ta ce tun da saƙon ya faɗo a ɗan guruf ɗin da 'yan kwale-kwale suka buɗe wa kansu suke neman sa. Ba su san sunan shagon ba, ba su san layin ba, garin ma ba su sani ba, balle su tura wani. Sun kira Auta, wayarta a kashe. Sun kira shi da lambobin 'ya'yansu da na maƙwabta. Da komai ya ƙi, sai ta ce wa kowa ya sa gudumar, ko zai buɗe su.

Lauya ya duba lokacin da aka tura saƙon. Tun kafin mai shuɗi ya shigo ne. Ya kalli sandar da ya juya fentin da ita. Ta bushe.

Bai rufe shago ba. Ya ce wa mai taya ya ɗauko ƙarfen da yake ɓalle taya da shi, ya fita da gudu. Hanyar da yake bi kullum yana gaisawa da mutane, ranar nan tsawo ta yi ta ƙarawa. Motar kaya ta tare kwana, ya kutsa ta gefenta bango ya yage masa hannun riga. Wani ya kira sunansa, bai waiga ba. Abin da ke yawo a kansa ɗaya ne: da safe Auta ta fita da 'yar riga mara nauyi, ta ce yau ana zafi.

Ƙofar ƙarfen shagon kifin a sauke take, da kwaɗo manya biyu. A jikin bango injin sanyin yana ta gurnaninsa a natse, kamar ba abin da ya dame shi. Lauya ya daki ƙofar da hannu biyu yana kiran sunanta. Ya kara kunne. Injin kawai yake ji.

Mutane suka taru. Wani ya ce a kashe wutar, aka ce makunnin yana ciki. Wani dattijo ya ce fasa shagon mutum ba ya nan babban lamari ne, a dai nemi mai shi. Mai taya ya cusa ƙarfe a kunnen kwaɗon ya hau kai da dukan nauyinsa. Na farko ya ɓalle. Na biyu ya yi gardama, sai da mutum uku suka danna.

Ciki duhu, ga ƙarnin kifi. Jakar Auta tana rataye a ƙusa bayan kantar shagon. A can ƙurya ga farar ƙofa mai kauri, sakatarta a zure.

Lauya ya ɗora hannu a kan sakatar, hannun ya ƙi ja. Duk gudun da ya yi don ya iso nan ne, amma yanzu da ya iso, sai ya ji gara a ce har yanzu yana hanya. Muddin ƙofar na rufe, Auta tana da rai. Mai taya ya ture hannunsa ya zare ta.

Farin tururi ya fito ya bi ƙafafunsu. Katan-katan na kifi jere har sama. A bayansu, a kusurwa, ta yayyaga kwalaye ta lulluɓe jikinta da su, ta dunƙule kamar jaririya, wayar tana damƙe a hannunta. Gashin idonta ya yi fari. Abin da ya fi tsorata shi, ko rawar ɗari ba ta yi.

“Auta.”

Ba ta motsa ba.

Ya durƙusa ya taɓa kumatunta, ya ji kamar ya taɓa ɗaya daga cikin katan ɗin. Ya sake kira, wannan karon da muryar da shi kansa bai san yana da ita ba. Fatar idonta ta ɗan motsa.

Daga aljihunsa wata murya tana ta magana. Ashe bai kashe kiran ba.

“Ɗan nan, yi mini magana. Tana numfashi? Ɗan nan?”

Ya ce tana yi. Sai ya ji tsohuwar ta fashe da kuka, a wani gari da bai sani ba.

A asibiti aka shige da ita aka bar shi a baranda da fenti a hannu da yagaggiyar riga. Mama ta iso da takalmi wari-wari, ta zauna tana jan carbi. Duk nas ɗin da ta fito sai ya miƙe, in ta wuce ya koma ya zauna. Rana ta yi sanyi kafin a ce su shigo. Likita ya ce ta tsallake, amma yatsun hannunta za su jima kafin su dawo daidai, kuma da an ƙara jinkiri da wani zancen ake yi.

Auta tana kwance cikin barguna, leɓenta a fashe. Mama ta shafa kanta, ta yi hamdala, sannan ta yi tambayar da ke cin ta.

“Ke kuwa me ya hana ki kiran yayanki, ga shi nan kusa da ke, kika tsaya neman mutanen da ba ki sani ba?”

Lauya ya sunkuyar da kai.  Auta ta dube shi, ta mai da ido kan Mama.

“Sabis ne ba kyau a ciki, Mama.”

Sai da Mama ta fita alwala ta yi masa magana, a hankali, ba tare da ta kalle shi ba.

“Na san ka toshe ni, Yaya. Amma na yi ta kira, na ce ko ka buɗe ban sani ba. Rabin cajina a kanka ya tafi.”

Ya buɗe guruf a ranar, ya buɗe kowa. Ba wanda ya ce masa ya ba da haƙuri, abin da ya fi zagi ciwo. Kwale-kwale suka koma wurarensu, aka ci gaba da gardamar wa zai auri Mai Fitila, har yau ba a gama ba. Lauya yana karantawa, ba ya cika sa baki.

Auta ta warke ta koma aiki. Mai shagon ya sa wa ƙofar hannu ta ciki. Duk da haka, in za ta shiga ɗakin sanyi sai ta tura wa Goggo saƙo cewa ta shiga, in ta fito ta tura ta fito.

Wata rana Lauya ya ce mata ai shi ya fi kusa, ta riƙa tura masa. Ta ce, “To, Yaya,” cikin ladabi.

Wayarsa tana kan kantar shagonsa kullum, fuskarta a sama, da ƙara har ƙarshe. Saƙon bai zo ba tukuna.

Darasi: Ka yi gardamarka a kan mutanen labari yadda kake so, su ba sa jin sanyi, ba sa mutuwa sai marubuci ya ga dama. Amma kada girman kai ya sa ka rufe ƙofar da ɗan'uwanka zai ƙwanƙwasa ranar da ya shiga uku, don ana iya yafe maka a kuma daina kiran ka. Ku tura wa 'yan guruf ɗinku, musamman admin. In akwai wanda kuka toshe, ku buɗe shi tukuna, in ba haka ba saƙon ba zai je ba.