Hanyar da Raimo Ya Ce Ya Bi

Akwai wani mutum mai suna Raimo da ke zaune a wani ɗan tsibiri a tsakiyar tafki, can gabashin Finland, yankin da na daɗe ina zaune. Gidajen tsibirin ba su da yawa, kuma yawancin mazaunansu tsofaffi ne. Da bazara kwalekwale ake shiga a tsallaka ƙauye. Da hunturu kuwa tafkin kan daskare, sai a bi ta kan ƙanƙara.

Duk shekara mutanen ƙauyen kan yi gayya su fitar da hanya a kan tafkin. Su huda ƙanƙarar su auna kaurinta, sannan su sassaro ƙananan bishiyoyin kuusi, masu ganye kamar allura, su kafa su a jere, tun daga bakin tsibiri har gaɓar ƙauye. Wanda ya bi tsakanin bishiyoyin nan ba ya fargaba, don ya san wani ya riga ya taka wurin da ƙafarsa.

Shekara da shekaru Raimo ne ke jan gayyar, kuma ya iya, wannan kam ba mai ƙwace masa. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya son a fi shi. Da aka yi zaɓen shugaban ƙungiyar ƙauye, wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Sirkka ta kayar da shi, sai mutuminku ya ɗauki fushi da duniya. Ya daina zuwa taro, ya daina gayya, ya ce a daina kawo masa jarida, ya kashe rediyo. Ya koma wayarsa, cikin wasu zaurukan hira da kowa a ciki ya gano cewa kowa maƙaryaci ne in ban da shi.

Mutum ɗaya ne bai rabu da shi ba, maƙwabcinsa tsoho Aarne, aminin marigayi Urho, mahaifin Raimo. Duk Asabar tare suke shiga sauna, ɗakin wankan tururi da ake watsa ruwa kan duwatsu masu zafi, kuma tsohon ba ya raga masa.

"Kai Raimo, wayar nan yaushe za a ɗaura muku aure ne? Na ga har ɗakin wanka tana rako ka."

"Baba Aarne, ku dai ku ci gaba da barci. Mu mun farka."

"To farkakke, miƙo min ludayin nan, duwatsun sun huce."

Ana nan sai zaɓen kansiloli ya zo, cikin watan Afrilu, lokacin da rana ta fara ƙarfi. Sirkka da mutanenta suka je suka huda ƙanƙara a mashigin da ke kusa da babban dutse, inda ruwa ke gudu ta ƙarƙashi, suka tarar ta yi siriri. Nan take suka tumɓuke bishiyoyin wurin, suka karkatar da hanyar ta zagaya ta bayan dutsen. Sabuwar hanyar ta kusa ninka tsohuwar. Aka sanar a rediyon yanki, Sirkka kuma ta rubuta a zauren ƙauye na waya.

Ranar Juma'a da safe aka zuba dusar ƙanƙara, ta rufe tafkin fari fat, daga nan sama ta washe.

Ranar Asabar, jajiberin zaɓe, Raimo ya dira a zauren.

"Mun gane wayonku. Kun san tsofaffin tsibiri ba jam'iyyarku suke yi ba, shi ya sa kuka tsawaita hanya don su gaji su zauna a gida."

Sirkka ta amsa masa cikin sanyi: "Raimo, mun huda mun gani. In ba ka yarda ba, zo mu je tare."

Mutane suka fara sa baki, wasu har da dariya. Raimo ya ji ana neman kayar da shi karo na biyu a gaban jama'a. Sai yatsunsa suka riga hankalinsa, ya rubuta: "Ku riƙe hudarku. Ni jiya da yamma na bi tsohuwar hanya da ƙafata, na je na dawo. Ƙanƙara garau take."

Bai bi ba. Jiya da yamma yana kwance a doguwar kujera da waya a hannu. Amma zauren ya yi tsit, domin a wurin nan in mutum ya ce na taka da ƙafata, magana ta ƙare. Raimo ya ji daɗi ƙwarai, ya kwana yana ganin ya yi nasara.

Shi Aarne ba ya karanta waya, matarsa Hilkka ce ke karanta masa. Ita ta riga ta kaɗa ƙuri'arta tun cikin mako, don a can ana barin mutum ya kaɗa da wuri. Shi kuwa ya ce zaɓe ranar Lahadi ake yi, da tuta a sama, a gama a sha gahawa da burodin kirfa, haka ya taso ya gani kuma haka zai mutu yana yi.

Lahadi da hantsi ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya turo kekensa na ƙanƙara, mai kujera a gaba da ƙarafuna biyu a ƙasa maimakon taya, wanda ake tsayawa a baya ana tunkuɗawa da ƙafa ɗaya. Ya tsaya a ƙofar Raimo.

"Farkakke! Fito mu je ka kaɗa ƙuri'a, gahawar tana kaina."

Raimo ya leƙo da kofi a hannu. "Baba, wace ƙuri'a? An gama rubuta sakamako tun bara."

"To bari in je in kaɗa tawa, in na dawo ka ba ni labarin yadda aka sace ta." Tsohon ya yi dariya, ya shafa gwiwarsa. Sai ya rage murya. "Ɗan nan, gwiwar nan ba za ta kai ni ta zagaye ba. Hilkka ta ce ka bi tsohuwar hanya. Ka bi?"

Jama'a, a nan ne fa. Kalma uku kawai ake nema daga bakin Raimo. Ya buɗe baki, sai ya tuna da Sirkka da masu dariya a zaure. Ya ce a ransa, ai tsohon nan mai taka-tsantsan ne, in ya je wurin zai duba da kansa.

"Na bi, Baba."

"To shi ke nan."

Ko kallon ƙasa Aarne bai yi ba. Ya tunkuɗa kekensa ya gangara tafki, ƙarafunan ƙasan keken suna wata siririyar ƙara a kan ƙanƙara, ƙiii, ƙiii, har ta ɓace. Raimo ya koma ciki ya duba ko an ƙara yaba wa maganarsa.

Da rana ta karkata Hilkka ta buga masa waya. Ta kira makarantar da ake zaɓe, an ce Aarne bai iso ba. Matan da ke raba gahawa har sun ajiye masa burodinsa a gefe, don sun san bai taɓa fashi ba.

Raimo ya fita da gudu ko hula babu. Kafin ya isa mararrabar da aka karkatar da hanya, Sirkka da 'yan kwana-kwana na sa-kai sun riga shi daga ɗaya ɓangaren. Duk sun tsaya cirko-cirko suna kallon abu ɗaya.

Dusar da ta sauka ranar Juma'a tana nan shimfiɗe a kan tsohuwar hanya, sumul. A kanta akwai layi biyu sirara na keken Aarne, da sawun ƙafarsa ɗaya a tsakani, sun miƙe sak zuwa wajen dutse. Ban da su babu sawun kowa, na zuwa ko na dawowa. Can gaba ruwa ne baƙi ƙirin, da hular tsohon a bakinsa.

Sirkka ta dubi dusar, ta ɗago ta dubi Raimo. Sauran ma haka. Washegari aka ciro gawar Aarne, da kwat ɗinsa a jikinsa.

Wanda bai san mutanen nan ba zai zaci za a yi wa Raimo ca. Ko kusa. An ci gaba da gaishe shi a kanti, an ba shi wuri a coci ranar jana'iza. Abu ɗaya ne ya canza. In ya ce yau za a yi ruwa, sai mutum ya ɗaga kai ya dubi sama. In ya ce kanti a buɗe yake, sai a buga waya a tambaya. Ya goge saƙon nan daga zaure, amma kowa ya riga ya karanta.

Ga kuma ƙarar keken tsohon. Yana cikin faskare, ko yana wanke kofi, sai ya ji ta a bakin ƙofa, ƙiii, ƙiii, ta tsaya kamar mai jiran a fito. Har bayan ƙanƙara ta narke, kwalekwale sun koma ruwa, bai daina jin ta ba. Sauna kuwa ya daina hurawa, don in ya zauna sai ya ga kamar bencin gefensa da ɗumi.

Da abin ya ishe shi ya je wurin Hilkka. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Mama, ban bi hanyar nan ba."

"Na sani. Dusar ƙanƙara ta riga ka faɗa." Ta ɗora tukunyar gahawa a wuta, ba ta juyo ba. "Na ce masa, tsohon nan, ka bi bishiyoyi. Ya ce min, ke Hilkka, ɗan Urho ne fa. Surutun banza yake da shi, amma ba ya ƙarya a kan ƙanƙara." Ta ajiye kofi a gabansa. "Zauna ka sha. Ba zan kore ka ba, shi ma da ba zai kore ka ba."

Raimo ya zauna ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da mahaifinsa ya rasu.

Da hunturu ya dawo, ya fito gayya ba tare da an kira shi ba. Bai nemi jagoranci ba. Ya ɗauki sandar ƙarfe ya shiga gaba, duk inda Sirkka ta ce a huda, ya huda. Daga nan kullum da safe sai ya taka hanyar da ƙafarsa, ya je ya dawo, kafin kowa ya fito.

Da wani zaɓen ya zagayo cikin sanyi, Hilkka ta ƙi kaɗawa da wuri. Ta ce wannan karon Lahadi za ta je, kamar yadda maigidanta yake yi. Ta dogaro sanda har ƙofar Raimo.

"Ɗan nan, yaya hanya?"

"Lafiya lau, Mama. Na bi ta da safen nan."

A hankali Hilkka ta sauke idonta kan takalmansa. Sai da ta ga dusar da ta manne musu ba ta gama narkewa ba, sannan ta gyaɗa kai ta ce, "To mu je."

Raimo ya ga kallon. Ya zaunar da ita a kujerar kekensa, ya tunkuɗa suka shiga tsakanin bishiyoyi, da katin zaɓensa a aljihu. Suna kaiwa mararraba ya ji ƙarar keke na biyu a bayansa, tana tafe daidai da nasa. Bai waiwaya ba. Ya san mai ita, Baba Aarne, mutumin da bai taɓa duba takalminsa ba.

Darasi: Duk inda ka ga mutane na zaune lafiya, kan maganar juna suke tafiya, kamar masu bin hanyar ƙanƙara. Kada fushin faɗuwa zaɓe, ko son cin gardama a waya, ya sa ka ce ka gani alhali ba ka gani ba. Abokin gardamarka zai bincika ya tsira, wanda ya fi yarda da kai shi zai taka. Ku tura wa 'yan zaurenku, musamman masu saurin yatsa, kafin wani tsoho ya bi maganarsu.