Gwiwar Zalɓe

"Ga ta nan, ga ta nanku. Tasi'u, bar tsokanar ƙanwarka Barira."

"Ta zo mu ji ta, Inna."

A da can, tsuntsaye garinsu ɗaya, a bakin wani tabki, shugabansu ma ɗaya. Kuma ba gado ake yi ba. Kowace damina zaɓe suke yi. Wanda kake so, sai ka fige gashinka guda ka ajiye a gabansa. Mai tari mafi yawa shi ne shugaba.

Ranar zaɓen kuwa ba baki ke sa ta ba, ruwa ne. Akwai wani dutse a cikin tabkin, Zalɓe ke tsayuwa a kansa. Ran da ruwa ya kai masa gwiwa sai ya yi kira, kowa ya hallara. Aikin ubansa ke nan, shi ma aikinsa ke nan. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Abokiyar hirarsa ɗaya ce, Shamuwa, ita ma baƙuwar damina ce. Ruwa na ɗaukewa take bin danginta su tafi.

A shekarar nan Hankaka ke mulki, shi da 'yan'uwansa. Sun addabi dangin Shamuwa da shan ƙwai. Dangin Shamuwa suka ce wallahi bana ko gashi ɗaya Hankaka ba zai gani daga gare su ba. Kuma sun fi hankaki yawa.

Ruwa ya yi ta sauka, har wata safiya Zalɓe ya ji sanyi a gwiwa. Shamuwa ta zo tana waƙa. Ku ne za ku amsa, ku ce ruwa na gwiwa.

"Malam Zalɓe, ina ruwa?"

"Ruwa na gwiwa!"

Ya buɗe baki zai yi kira, sai ga Hankaka, jirif.

"Malam, me za ka yi?"

"Kira, ranka ya daɗe."

"A wannan gurɓataccen ruwan? Wa ya ga gwiwar taka? Bari ya kwanta, kar a ce an yi maguɗi."

Zalɓe ya duba, lallai ruwan ja ne. Ya haɗiye kiransa.

Ruwa ya kwanta, ya yi garau. Shamuwa ta dawo.

"Malam Zalɓe, ina ruwa?"

"Ruwa na gwiwa!"

Sai ga Hankaka yana haki. "Malam, rufa mana asiri! An ga Shaho yana shawagi. Ka tara jama'a ya sure ɗan wani, alhakin a wuyan wa?"

"Wa ya gan shi, ranka ya daɗe?"

"An dai gan shi."

Zalɓe ya ji tsoron alhaki. Ya haɗiye kiransa.

Shamuwa ta ce, "Malam, 'ya'yana sun fara gwada fiffike fa. Iska ta fara juyawa."

Ya ce, "Ki ƙara haƙuri, Iya. Ai ba fasawa aka yi ba."

Sammai suka yi tas, ba Shaho ba dalilinsa. Shamuwa ta zo karo na uku, muryarta duk ta dushe.

"Malam Zalɓe, ina ruwa?"

"Ruwa na gwiwa!"

Hankaka ya sauko da goro a baki. "Haba Malam, gero ya nuna! Kowa na gona yana neman abin kai wa ciki. Ka raba talaka da abincinsa saboda gashi ɗaya? Jibi-jibin nan za a yi."

Zalɓe ya dubi Shamuwa, ya dubi goro, ya sunkuyar da kai.

Washegari ya ɗaga ido, sai ya ga sama ta yi baƙi da dangin Shamuwa, sun nufi kudu. Ita ce a ƙarshe. Ta kewaya kan dutsen sau ɗaya, ba ta yi waƙa ba, ba ta yi sallama ba, ta bi sahu.

Tabki ya yi tsit. Ruwa ya ja baya, ya dawo ƙauri, ya dawo idon sawu.

Rannan sai ga hankaki sun zo gaba ɗaya, kowa ya fige gashinsa ya riƙe a baki.

Hankaka ya ce, "To Malam, yau ce ranar. Yi kira."

"Ruwa bai kai gwiwa ba, ranka ya daɗe."

"Kai ma dai! Durƙusa mana, ai sai ya kai."

Zalɓe ya dubi gashin da ke bakinsu. A lokacin ya gane abin da aka yi da shi. Ya ce, "Ubana bai taɓa durƙusawa a kan dutsen nan ba."

Suka lallashe shi, ya ƙi. Suka zage shi, ya ƙi. Suka tsattsage shi a wuya, ya miƙe ƙafa ƙyam. Da suka gaji suka watse suna ihu. Ya kwashe rani cur shi kaɗai, ba mai ce masa sannu.

Damina ta kewayo, ruwa ya kai gwiwa. Bai jira kowa ba, ya kwarma kira da duk ƙarfinsa. Ya sake. Ya sake. Ba wanda ya zo. Kurciya ta ce, "Bara ma haka aka ce." Shamuwa kuwa ta dawo, amma ta wuce tabkin, ta shiga cikin gari ta yi sheƙa a kan tsamiyar mutane. Shi ya sa kuke ganinta a unguwarmu. Tun daga nan tsuntsaye ba su sake yin shugaba ba.

In kun je rafi kuka ga Zalɓe tsaye cikin ruwa shi kaɗai, kar ku jefe shi. Jira yake a amsa masa.

Ni dai abin da nake jiye muku ke nan. In aka ba ku amanar rana, ku cika ta a ranarta, ko wa ya ce ku dakata. Ƙin da Zalɓe ya yi daidai ne, amma ya zo a makare, mutanensa sun riga sun tafi.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya shige rami. Barira, ɗauko tabarmar nan.