Kokwambar da Ta Ɗauko Kakanninta

An ce a zamanin da, a wata ƙasa mai yalwar fadama, an yi wani Sarki wanda talakawansa ke dogara da lambu idan rani ya tsananta. Kokwambarsu ta gado mai jure zafi ce, amma rowar 'ya'ya gare ta. Wata shekara fatake suka kawo wani iri mai yawan haihuwa, sai dai rana na ɗagawa ya yi yaushi.

Waziri Inusa, dattijo mai son shuke-shuke, ya shawarci Sarkin Lambu Barmo ya aurar da su. Barmo ya ɗebi garin furen wannan ya shafa wa na waccan, ya ɗaure bakin furen don kada ƙudan zuma ya shiga. Abin da ya tsiro daga wannan aure ya ba kowa mamaki, ga 'ya'ya reto-reto, ga juriya. Sarki ya yi murna, ya sa aka raba irinsa ga manoma.

Da rani ya zagayo sai kuka ya cika fada. Wata shukar ta yi rowa, wata ta ƙone, kaɗan ne suka yi kyau. Sarki ya fusata, ya ce lalle Barmo ya ɓoye irin kirki ya raba na banza. Ya sa aka ɗaure shi, za a kore shi daga ƙasar.

Hankalin Waziri ya tashi, domin shawararsa ce ta jefa bawan Allah cikin ƙangi. Ya bi lambuna yana duban shukokin, har ya lura cewa masu rowar sun yi kama da ta gado, masu ƙonewar kuwa da ta fatake. Sai ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ƙara na kawo. An musanya maka ɗa.”

Sarki ya ce, “Wane ɗan?”

“Yarima Cindo. Yatsa shida gare shi. Kai biyar, mahaifiyarsa biyar. Ina ya samo na shidan?”

Sarki ya ce, “Tsufa ya taɓa ka, Waziri? Ai marigayi mahaifina shida gare shi. Ni ya tsallake, ya faɗa kan jikansa.”

Waziri ya ce, “Zaki ya yanke hukunci da bakinsa. Abin da aka raba wa manoma jikoki ne. Barmo bai musanya kome ba, kakanninsu suka ɗauko.”

Sarki ya daɗe yana duban tafin hannunsa. Can ya ce a kwance Barmo, a zo da shi. Da ya iso, Sarki ya ce, “Na zalunce ka, ka yafe mini.” Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa. Hawaye suka zubo wa Barmo.

Sarki ya tambayi Waziri ina mafita. Waziri ya ce sai haƙuri: kowane rani a zaɓi shukar da ta haɗa yawan 'ya'ya da juriya, a aurar da ita da irinta, a bar sauran a ci. Haka Barmo ya yi ta yi shekara bayan shekara, masu rowa na raguwa, har iri ya zauna, jika ya zama kamar uba.

Kafin nan Waziri ya tsufa ƙwarai, ba ya iya fita. Ran nan Barmo ya shigo masa da kwando cike da kokwamba, matan gari biye da shi suna sa albarka. Barmo ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, ba don kai ba, da yanzu ina baƙon wata ƙasa.”

Waziri ya ce, “Ni na jefa ka, Allah ya fid da kai. Yanko mini in ɗanɗana.”

Ba shi da haƙoran tauna, sai Barmo ya kankare masa cikin ƙoƙo. Ya kurɓi ruwan mai sanyi, ya lumshe ido, ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Nan hikayar ta tsaya, Allah ya ba mu shugabanni masu jin gaskiya.